Hamsatou Mai Lalle da Farantan Takarda

Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya a cikin Hausawan Greensboro ta Amurka ya san Hamsatou mai lalle, in ma bai san fuskarta ba, to ya san bakinta. Mace ce gajeruwa mai saurin tafiya, 'yar Damagaram, haifaffiyar unguwar Birni. A shekarar 2004 ta biyo mijinta Laouali, wanda har yau yake aikin loda kaya a wani ƙaton sito da ke bakin gari. Tana da ɗan shago a titin West Market, kujera biyu da madubi ɗaya. Nan take kitso ranakun aiki, ƙarshen mako kuma ta saɓi jakarta ta nufi gidan biki. Hannunta ba ya rawa. Sai ta zana wa amarya fure tun daga yatsa har gwiwar hannu, tana yi tana ba da labarin yadda uwar ango ta ɓace a filin jirgi, layin lalle bai karkace ba, labarin ma bai karkace ba. Ido gare ta kamar me. Kallo ɗaya za ta yi wa mutum, ta riga ta samo abin da za ta tsokane shi da shi har shekara ta zagayo.

A bangon shagon, sama da madubi, akwai farantan takarda guda biyu a manne, irin waɗanda ake cin abinci a yar. Lallen da aka yi zane da shi a kansu ya bushe ya yi duhu. Baƙi sukan tambaya, ita kuwa sai ta ce, "Wannan shegiyar taubashiyata ce, wannan kuma ni ce." Ba ta ƙara komai, sai in an matsa mata.

Taubashiyar ita ce Fassouma. Mahaifin Fassouma wan mahaifiyar Hamsatou ne, kuma a gida ɗaya suka tashi, tabarma ɗaya suka kwana. To, a wurin mutanen Damagaram, 'yar namiji da 'yar mace ba gaisuwar ladabi ke tsakaninsu ba, wasa ne. Kowace tana kiran 'yar'uwarta baiwarta. A taron suna sai ka ji Hamsatou ta ɗaga murya: "Wa ya bari baiwata ta hau kujera?" Fassouma kuma ta amsa daga can: "Ku ba gajeruwar nan filo ta taka, ba ta hango tukunya." Baƙon da bai sani ba har ya fara neman hanyar rabon faɗa. Wasan yana da doka ɗaya tak, kuma kowa ya san ta: ba a fushi, ba a ba da haƙuri. In an yi maka, ramawa kake yi.

Fassouma tana zaune a McLeansville, a wani gida da gonaki suka kewaye, maƙwabcin da ya fi kusa sai an shiga mota. Mijinta Mamane direban babbar mota ne. Allah bai ba su haihuwa ba. Shekara takwas ta yi tana kula da wata tsohuwa a unguwar Irving Park, a can ta koyo miƙe-miƙen jiki a kan tabarmar roba da shan koren ruwan ganye da sassafe. Ba don gayu kaɗai ba, tana da ciwon sukari da hawan jini. Amma Fassouma in ta kama abu ba ta yi masa riƙon wasa.

Sai ga watan Maris na 2020, annoba ta shigo, aka sa dokar kulle. Mamane ya tafi gida gaisuwar rasuwar wansa da niyyar yin sati biyu, aka rufe iyakoki yana can. 'Ya'yan tsohuwar Irving Park suka ce wa Fassouma ta zauna a gida tukuna. Shagon Hamsatou ma aka ce a rufe, shi da duk wani wurin gyaran gashi. Bikin da take shirin yi wa lalle a ƙarshen watan ya watse, uwar amarya ta bar mata kwali guda na farantan takarda ajiya a shago, ta kwaso ta kawo gida, ga lallen da ta riga ta kwaɓa ta ɗura a leda yana zaune a firij. Laouali dai kullum yana fita, don an ce aikinsu na dole ne. Hamsatou ta wanke gida, ta sake wankewa, ta yi wa kanta kitso ta tsefe. Macen da ta saba bakinta bai huta ba tun safe, yanzu sai ita da bango da waya.

A wayar kuwa duniya ta haukace. Kowa ya zama likita. Wannan ta ce a sha citta da tafarnuwa, waccan ta ce a yi sirace da kanumfari sau uku a rana, wata ta nuna cikin firij ɗinta, wata ta nuna ɗakin kwananta, wata har da tumbinta, wai a ga kafin da bayan. A cikinsu duka babu wadda ta kai Fassouma. Ƙarfe bakwai na safe daidai, ko minti ɗaya ba ta ƙarawa, sai bidiyonta ya fito a Instagram: "Salamu alaikum, my healthy people! Bon, yau kwana na shida na detox, wankin ciki ke nan." Ta hau sikeli ta nuna lamba. Ta soki yatsa ta nuna sukarinta. Ta shafe fuska da kurkum ta koma kamar an tsoma ta a miyar taushe, tana murmushi wushiryarta a waje, kallabinta a karkace gefen hagu yadda ta saba ɗaura shi tun tana budurwa. Mabiyanta ba su kai ɗari biyu ba, yawanci matan gari ne da dangi na gida.

Ina Hamsatou za ta ga wannan ta ƙyale? Rannan da hantsi ta jawo faranti ɗaya, ta ɗauko ledar lalle, ta yanke tsininta. Cikin minti goma ga wata mata a kan sikeli, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta cire 'yan kunne ta riƙe su can nesa don kada su ƙara nauyi. Ga wushirya, ga kallabi a karkace. A ƙasa ta rubuta, Hajiya Detox. Ta ɗauki hoto tun lallen yana ɗanye, ta ɗora a Instagram.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga saƙon murya daga McLeansville. "Ke baiwata, wannan hannun da kika zana min, na biri ne ko naki kika kwafa? Kuma ki ƙara min tsawo, ba kowa ne gajere ba." Hamsatou ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da ta yi dariya irin wannan tun kafin kulle.

Daga nan kullum sai faranti ɗaya. Hajiya Detox tana miƙa a kan tabarma, ga kwanon soyayyen nama ta tura ƙarƙashin kujera da ƙafa. Hajiya Detox ta lulluɓa da bargo tana sirace, waya a ɗaure a muciya tana ɗaukar ta. Hajiya Detox tana koya wa tafarnuwa numfashi. Mutane a kulle suke, kowa a tsorace, kowa ya gaji da a ce masa sha wannan, shafa wancan, sai ga abin dariya ya samu. Aka fara yaɗawa. Daga matan Greensboro ya kai na New York, ya kai Yamai, ya kai Kano, har Turawan da ba su jin ko sannu suna sa alamar dariya, don zanen ba ya bukatar tafinta. Hamsatou ta ji daɗi ƙwarai, ba sai an ɓoye ba. Shekara goma sha shida tana zane a jikin mutane, sati biyu ya goge. Yau ga zanenta yana yawo a duniya, ana cewa wace ce wannan.

Daɗin nan ne ya rufe mata ido. Wata safiya Fassouma na cikin bayanin ruwan zogale sai ta ambaci Mamane, muryarta ta karye, ta yi kuka a gaban waya. Tana kukan ta miƙa hannu ta gyara zaman wayar, don ta zame. Wannan ɗan motsin Hamsatou ta gani. Da a tsakar gida ne a Birni, da ta ce, "Ke, ko kukan ma sai kin yi masa kwalliya?" Fassouma ta jefe ta da takalmi, a yi dariya, hawaye ya bushe, ai amfanin taubashi ke nan. Haka ta ɗauka. Ta zana Hajiya Detox hawaye shaɓe-shaɓe, hannu ɗaya yana gyara fitila, ta rubuta da Hausa da Turanci: Ku jira in gyara haske, sai in ci gaba da kukan.

Wannan farantin ya fi duk sauran tafiya. Abin da Hamsatou ta manta shi ne, a Birni duk wanda ke tsakar gidan ya san su wane ne su, ya san wasa ne, ya san inda wasan ya tsaya. Dubban da ke kallo yanzu ba su taɓa jin kalmar taubashi ba. Su dai sun ga mai zane ta kama wata makaryaciya. Wata ta gane wushiryar da kallabin, ta liƙa sunan shafin Fassouma a ƙarƙashin hoton. Kafin la'asar baƙi sun cika shafin. Wannan ya ce kukan ƙarya, wancan ya ce ta je ta nemi aikin yi, wata ta ce da wannan jikin take koyar da lafiya. Mutanen da ba su san ko sunan ubanta ba.

Washegari ƙarfe bakwai, babu bidiyo. Hamsatou ta cire hoton, amma ya riga ya bar hannunta. Ta aika saƙo: "Baiwata, yau sikelin ne ya karye?" Can da azahar amsa ta zo a rubuce: "Ina wuni, Anti Hamsatou. Lafiya lau. Na gode da tambaya."

Anti! Hamsatou ta zauna a bakin gado, wayar a hannu. Wata bakwai kacal ta ba Fassouma. Tun da suka buɗi ido, Fassouma ta kira ta gajeruwa, ta kira ta baiwa, ta kira ta mai bakin reza, amma ba ta taɓa yi mata ladabi ba. Da zagi ta aiko, da Hamsatou ta yi barci da minshari. Sai ta yi abin da ba a yi, ta kira ta, ta ce, "Fassouma, don Allah ki yi haƙuri."

"Haba Anti, ba komai," in ji Fassouma, da muryar da ake yi wa baƙuwa. "A gaida Malam Laouali."

Kwana tara aka yi a haka. Kullum ƙarfe bakwai Hamsatou tana duba waya, kullum shiru. Farantai na nan a kwali, ko kallonsu ba ta yi. Mabiya suna tambaya ina Hajiya Detox, ta ji kamar ta shiga wayar ta mammake su. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, cewa ta rasa mutum ɗaya a duk faɗin Amurka da ta san ta tun tana yawo ba ɗankwali. Laouali, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya dube ta wata safiya yana ɗaura takalmi ya ce, "Waya ce ta ɓata, waya ba za ta gyara ba. Motar tana da mai."

Ana saura kwana uku azumi ta ɗaura takunkumi ta kama hanyar McLeansville. Titi fayau, ciyawa ta yi kore, ko kare ba ta gani ba. Ta tsaya a tsakiyar fili, nesa da ƙofa, ta yi sallama. Fassouma ta buɗe ƙofar katako ta bar ta raga a rufe. Ba kurkum, ba murmushi, kallabin ma a miƙe yake.

"Sannu da zuwa, Anti."

"Ke, in kika sake ce min Anti, wallahi sai na cire takunkumin nan na zo na yi miki tari a fuska."

Bakin Fassouma ya ɗan motsa, amma ta danne. Ta ce, "Kin san abin da ya sa nake yi ƙarfe bakwai?"

"Don ki nuna mana firij."

"Dubi nan." Fassouma ta nuna gonaki da hannu. "Wa kika gani? Mamane yana Damagaram. Sukarina yakan faɗi da asuba, sau biyu ina tashi ban san inda nake ba. Tun da aka fara confinement, kullen nan, nake tunani, in na faɗi a kicin, kwana nawa za a yi kafin a sani? Ba zan iya kiran mutane kullum in ce ku duba ko na mutu ba, da kunya. Sai na ce, bon, bari in riƙa yin bidiyo a lokaci ɗaya. Ranar da bakwai ta yi ba a gan ni ba, wani zai ce lafiya, wani zai zo ya buga ƙofa. Voilà. Shi ke nan detox ɗin."

Hamsatou ta waiwaya ta dubi gonakin, ba kowa.

"Kwana tara ban fito ba," in ji Fassouma. "Sai yau aka zo ƙofar."

Wannan maganar ta soki Hamsatou har ƙashi. Hawaye ya jiƙa mata takunkumi. Ta buɗe baki za ta sake cewa a yi haƙuri, sai ta tuna inda haƙurin farko ya kai ta, ta haɗiye.

"Ba zanen ne ya ƙona ni ba," Fassouma ta ci gaba. "Zanen ya yi kyau, shegiya, har ni sai da na ga kaina. Amma wasanmu ni da ke ne. Ke kin tsaya a bayan faranti ba wanda ya ga fuskarki, ni kika tura tsakiyar kasuwa. Da wa zan rama? Da mutum dubu?" Ta ce a gaida gida, ta rufe ƙofa a hankali.

A hanyar dawowa Hamsatou ta yi ta juya maganar nan, da wa zan rama. Gaskiya ce. Ta yi wasan taubasai amma ta hana abokiyar wasan abin ramawa. Kuma abin ramawar yana nan, ita ta san inda ta ɓoye shi.

Don kuwa akwai abin da ba wanda ya sani sai Laouali. Tun ranar farko ta kulle, duk haɗin da Fassouma ta faɗa, Hamsatou sai ta yi shi a ɓoye. Can ƙuryar firij ɗinta cike take da kwalaben citta da tafarnuwa da lemun tsami. Sirace sau uku a rana, ba fashi. Albasa ma sai ta wanke ta da sabulu. Laouali in ya dawo daga sito, a bakin ƙofa take tsare shi, ta feshe shi tun daga hula har takalmi, ta sa ya juya ta feshe bayan, bawan Allah yana tsaye hannuwa a sama. Mai yi wa masu tsoro dariya ta fi kowa tsoro.

Tana isa gida ta jawo faranti. Ta zana wata gajeruwar mata ta taka filo, bargo a ka, tafarnuwa a rataye a wuya, tana fesa wa wani dogon mutum magani, ɗaya hannun kuma yana zanen wata a ɓoye. Ba ta rage wa kanta komai ba, har ɗan gashin haɓarta da take tsigewa sai da ta sa. Sannan ta buɗe firij ta ɗauki hoton kwalaben, ta ɗauki na fuskarta tana fitowa daga sirace, gumi sharkaf, ido jajir. Ta tambayi Laouali ko ya yarda a gan shi. Ya ce, "Ai gara duniya ta san halin da nake ciki."

Ta ɗora duka ukun, ta rubuta a ƙasa da Hausa da Turancinta na shago: "Wannan ce mai zanen. Sunana Hamsatou. Hajiya Detox taubashiyata ce, 'yar kawuna. A garinmu ni kaɗai ke da izinin tsokanarta, ita kaɗai ke da izinin tsokanata, ku ba ku da shi. Duk abin da ta ce a sha, na sha a ɓoye. Kukanta na gaske ne. Wanda yake da ɗan'uwa zaune shi kaɗai, ya ajiye waya ya je ya buga masa ƙofa." Yatsanta ya daɗe a kan wayar kafin ta danna, don Hamsatou mace ce mai son a ga kwalliyarta.

Masu sharhi suka yi ca, wasu dariya, wasu ban haƙuri, wasu suna ba da labarin nasu taubasan. Ba ta bi ta kansu ba. Shafi ɗaya take dubawa, kuma ranar har rana ta faɗi bai motsa ba.

Da safe ta idar da salla ta zauna a kicin, waya a kan tebur. Bakwai saura biyar. Bakwai saura biyu. Laouali yana shan shayi a tsaye, yana yi kamar ba agogo yake kallo ba. Bakwai daidai wayar ta yi ƙara.

Ga fuska ta sha kurkum, ga wushirya, ga kallabi ya koma gefen hagu. "Salamu alaikum, my healthy people! Bon, yau ba maganar zogale. Yau zan nuna muku illar shan magani a ɓoye." Ta ɗago wani faranti na tangaran da ta yi wa zane da jan-baki, wani abu mai kama da tulu da ƙafafu. "Wannan baiwata ce, Hamsatou. Kun ga tafarnuwa ta hana ta tsawo. Shekara arba'in da biyar ina ciyar da ita, ko na gode babu, ashe satar haɗina take yi. Ke gajeruwa, na san kina kallo. Gobe in bakwai ta yi ba ki gan ni ba, ki zo da kanki, kuma ki taho da filonki don ki kai ga ƙararrawar ƙofa."

Hamsatou ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa. Laouali ya ajiye kofi ya matso, bai gane ba ko dariya take ko kuka.

"Lafiya? Me ta ce?"

Ta ɗago, fuska jiƙe da hawaye, bakin har kunne.

"Ta zage ni," ta ce. "Alhamdu lillahi, Laouali, ta zage ni."